Aku Ta Koyi Tarina

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni da shawara, abin da ke cina ya kai inda ba zan iya buɗe baki in faɗa wa kowa a gidanmu ba. Sau uku ina fara rubuto miki ina gogewa. Na san da kin ji maganar tsuntsaye ce za ki ce wannan ba ta da aikin yi, mutane na fama da manyan matsaloli ita tana kawo ƙarar aku. Ki daure ki karanta har ƙarshe, in ya so ki yi mini dariyar gaba ɗaya, ai na saba.

Ni tela ce, shekarata talatin da takwas. A gida nake ɗinki, a falo, a hawa na biyu na wani bene. Ɗaki biyu ne da falo, daga ni sai maigidana, 'yarmu ɗaya tana makarantar kwana. Shekara uku da suka wuce hawan jini ya kayar da mahaifina, ya tashi da sanda, likita ya ce zaman kaɗaici ya ƙare masa. Mu biyu ya haifa, ni da Yayana. Yaya yana wani gari, gidansa na kansa, tsakar gidan sai ka buga ƙwallo a ciki, amma ya ce matarsa ba ta jure hayaniya, kuma ai 'ya mace ta fi iya jinya. To, na iya ɗin. Maigidana da kansa ya je ya ɗauko Baba, ko fuska bai ɓata ba, Allah ya saka masa da alheri. Sai dai Baba ba shi kaɗai ya zo ba.

Ya zo da aku guda, mace, mai ruwan toka da jar wutsiya, wadda ya saya bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ya kuma zo da 'yan ƙananan nan dangin aku, masu launin kore da shuɗi da rawaya, waɗanda bakinsu ba ya hutawa daga fitowar rana har faɗuwarta. Guda huɗu ya zo da su, yau goma sha bakwai ne, kuma akwai wadda ke kwance kan ƙwai. Ɗakin da muka ba shi bai ɗauki kejin ba, saboda haka suka sauka a falo, taku uku tsakaninsu da kekena.

Sai na gaya miki sana'ar Baba kafin ki gane sauran. Mai gyaran agogo ne, shekara arba'in da 'yan kai a wani ɗan shago kusa da tasha, har ido ya gaza, waya kuma ta zo ta kashe kasuwar. Tsofaffin agogunan bango da masu su suka manta da su, su ya kwashe wa kayan ciki, ya huda, ya rataye a keji, suka zama sheƙar ƙananan. Duk wanda ya shigo sai ya yaba ya ɗauki hoto. Ba wanda ya taɓa tambayar wa ke share ƙarƙashinsu.

Mai gyaran agogo abokan gabarsa biyu ne a duniya, iska da ruwa. A shagonsa ba a buɗe taga, kada iska ta watsa ƙura cikin agogon da ya buɗe, ba a kuma shigar masa da ko kofin shayi, kada danshi ya kawo tsatsa. Waɗannan dokokin ya kwaso tsaf ya ɗora wa tsuntsaye. Tun ranar da suka zo ya hana a buɗe tagar falona, wai iska na sa musu mura. Keji kuma ba a taɓa shi da ruwa, wai wayar za ta yi tsatsa, sanyi ya kama musu ƙafa. Sai dai a bar kashin ya bushe, a kankare, a share da burushi mai laushi, lungu da saƙo kuma a hure da 'yar robar nan da yake hure cikin agogo da ita. Shi ba ya iya sunkuyawa, to wa zai yi? Kullum ƙarfe bakwai da rabi daidai, yana zaune yana duban agogon hannunsa, ni ina durƙushe. Robar ta tsage tun shekarar farko, ya ce ba a samun irinta yanzu. Ban son doguwar magana, sai na ci gaba da hurewa da bakina, kaina a cikin kejin.

Akwai wani farin gari kamar hoda da ke zuba daga jikin akun. In na shimfiɗa baƙin yadi zan yanka, kafin in gama awo ya yi fari-fari. Wata mai kawo mini ɗinki ta taɓa ɗaga rigarta ta sansana, ta ce ko a kasuwar kaji na ɗinka mata. Na taya ta dariya, ba ta sake dawowa ba.

Duk wannan mai sauƙi ne, Gwaggo, wahala ba baƙuwata ba ce. Abin da ke ƙona mini rai daban yake. Kin san sunan da Baba ya sa wa akun? Auta. Ni ce autarsa ta haihuwa, amma tun da na yi wayo sunana a bakinsa ɗaya ne, ke. Ke kawo ruwa, ke rufe ƙofa. Ina ƙarama ni ke kai masa abincin rana shago, kuma a bakin ƙofa nake tsayawa, don an ce ƙafata na ɗauke da ƙura. Zai miƙo hannu ya karɓi kwanon, gilashi na manne a idonsa, bai ɗago ba. Ranar aurena ma sai da ya buɗe shago ya yi aikin rabin yini. Na girma ina ba shi uzuri, ina cewa haka Allah ya yi shi, ba shi da bakin lallashi. Ashe yana da shi, ajiyewa ya yi sai da ya samu wadda ta dace. Ki zo ki ga dattijon nan yana ɓare wa aku lemo, yana cire mata 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, yana tambayarta yadda ta kwana. In ya makara da minti biyar wajen ba ta abinci, haƙuri yake ba ta. Haƙuri, Gwaggo! Ni da kunnena nake ji, ƙafata na kan keke, sai in ƙara gudun ɗinkin don kada in ji ƙarshen maganar.

Bara akun ta cije ni a yatsa ina canza mata ruwan sha, har farce ya tsage, jini ya ɓata mini zane. Baba ya taso da sandarsa da saurin da ban san yana da shi ba. Na miƙa masa hannun, ya wuce ni ya nufi keji, yana tambayata me na yi mata da ta firgita haka. Sati biyu ban iya tura yadi da yatsan ba.

Tarin ya fara ne kamar wasa, busasshe, ba majina ba zazzaɓi. Na sha maganin mura, na sha duk abin da maƙwabta suka kwatanta. Daga baya numfashi ya fara gajarta. Rigunana suka yi mini yawa, ni da nake rage wa mutane kaya na koma rage nawa. Yanzu in mun dawo daga awon hawan jininsa, Baba mai shekara saba'in da shida, da sandarsa, yana riga ni kaiwa saman bene, ni ina tsakiya riƙe da ƙarfe ina neman iska. Ya taɓa waiwayowa ya ce yaran yanzu ba ƙwari.

Sai kuma aku ta koyi tarin. Ba kwaikwayo na wasa ba, wallahi tarina ne sak, har da 'yar shaƙewar nan da nake yi a ƙarshe da nishin da ke biyo baya. Ranar da ta fara, Baba ya yi dariya har da hawaye, rabon da in ga haƙoransa haka tun mahaifiyarmu na da rai. Ya sa na kira masa Yaya ta bidiyo don ya ji. Yaya ya kwashe da dariya shi ma, ya ce wannan tsuntsuwar ita ke riƙe mana da Baba a duniya, in kula da ita da kyau. Ni ce na riƙe wayar, ina murmushi kamar wata sakarya. Yanzu duk baƙon da ya zo sai an sa ta ta yi masa, in ta yi a ba ta gyaɗa. Kuma tunda tari ya zama biyu a gidan, ko na yi nawa har na durƙusa Baba ba ya waiwayowa. Ban sani ba ko ɗauka yake ita ce.

Maigidana ne ya matsa na je babban asibiti. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka sa na hura wata na'ura, aka ɗebi jini, na yi ta zirga-zirga. Likitar, wata mata mai natsuwa, ta yi ta tambaya har ta kai ga ko muna kiwon tsuntsaye. Da na kwatanta mata yadda nake sharar kejin, sai ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce ƙurar gashinsu da ta busasshen kashinsu ce jikina ya ƙi, huhuna ya kumbura, wani ɓangaren ma ya fara tabo, kuma tabon huhu ba ya gogewa. Ta ce abin da ya rage ana iya ceto shi, amma da sharaɗin tsuntsayen su bar gidan gaba ɗaya, ba a mayar da su ɗaki ko baranda ba. Na ce in na riƙa sa takunkumin fuska fa, ta ce ba zai wadatar ba. Ta rubuta komai a takarda ta ce in nuna wa mutanen gida.

Yau sati bakwai takardar tana cikin durowar kekena, ƙarƙashin zaruruwa. Maigidana na ce masa sanyi ne ya kama ni, an ba ni magani. Ƙarya na yi masa, karo na farko a kan abu mai girma, don na san halinsa. Mai haƙuri ne, amma in ya ga takardar nan a ranar zai sauke kejin bakin titi, Baba kuma ya haɗa jakarsa, dangi su ce na kori ubana saboda miji. Ina shan ƙwayoyin ina yin shiru, kuma har safiyar yau da nake rubuto miki na durƙusa na yi sharar.

Akwai abin da na yi wanda nake jin kunyarsa, amma tunda ba ki san fuskata ba bari in faɗa. Sati biyu da suka wuce maigidana ya kai Baba aski. Ina jin sun sauka na buɗe tagar falon har ƙarshe, da ƙyar ma ta buɗu don ta manne, na buɗe ƙofar kejin akun, na koma gefe na zauna. Ƙananan ban taɓa su ba, ita nake so ta tafi. Har na shirya abin da zan ce, ƙofa ce ba ta kullu ba, tsautsayi ne. Ta fito ta hau kan kejin, ta dubi tagar, ta dube ni da ido ɗaya. Fukafukanta lafiya lau, ba a taɓa yanke mata su ba. Sai ta sauko a hankali, ta taka ƙasa kamar ita ce mai gidan, ta hau hannun kujerar Baba ta zauna tana jiransa. Can ta yi tarin. Na yi kuka ranar kamar an yi mini mutuwa, sannan na ɗauko tawul na mayar da ita, na rufe taga kafin su dawo.

Za ki ce me ya hana ni miƙa masa takardar kawai. Nakan ce wa kaina tausayinsa nake ji, tsuntsayen nan su ke tashinsa da safe, in aka raba shi da su zai zauna ya zuba wa bango ido har ya bi mahaifiyarmu, Yaya kuma ya ce ni na kashe shi. Akwai wannan, ban musa ba. Amma gaskiyar da ke ƙasa ita ce tsoro nake ji. Ina tsoron in karanta masa takardar, ya waiwaya ya dubi keji kafin ya dube ni. Ina tsoron abin da zai fara fita daga bakinsa ya zama ina za a kai Auta. Muddin ban faɗa ba, ina iya ce wa kaina bai sani ba ne, da ya sani da ni zai zaɓa. In na faɗa kuma ya zaɓi tsuntsu, ban san da wane ido zan ƙara kai masa ruwan wanka ba.

Na gaji, Gwaggo, raina ya yi baƙi, har na fara jin haushin mutumin da ya kamata in nemi albarkarsa. Ki gaya mini, in faɗa masa ne, ko in lallaɓa a haka har Allah ya yi ikonsa a kan ɗayanmu? In kuma zan faɗa, ta ina zan fara?

Taki,
Telar Hawa na Biyu

AMSAR GWAGGO

'Yata Tela, ban yi dariya ba, ko kaɗan. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa har safiyar da kika rubuto kin durƙusa kin yi sharar. To daga nan za mu fara. Daga gobe ba ke ba kejin nan, ba shara, ba kankara, ba hurewa. Ki ja kekenki zuwa ɗakin kwananku, ki rufe ƙofa, ki buɗe taga. Wannan ba magani ba ne, rage ɓarna ne kawai na 'yan kwanakin da za a ɗauka ana shiri.

Kin tambaye ni ko ki lallaɓa a haka. A'a. Mai ilimin abin ta duba hoton ƙirjinki ta ce tabo ya fara kuma ba ya gogewa. Kowane sati da takardar nan ta ƙara a ƙarƙashin zare, wani yanki ne na numfashinki ke tafiya, ba kuma mai dawo miki da shi. Kina da 'ya a makaranta da za ta dawo hutu ta nemi uwarta. Tsuntsayen za su bar gidan, wannan an gama shi tun a ofishin likita. Abin da ya rage shi ne inda za su, da yadda za a yi ba tare da an karya dattijo ba.

Yanzu bari in faɗa miki wadda ba za ki so ji ba. Ranar da kika buɗe taga, aku kaɗai kika buɗe wa, kika bar goma sha bakwai a rufe, alhali dukansu likita ta hana. Ko da ta tashi ta tafi, da ciwonki na nan daram. Ke nan ba don huhunki kika buɗe tagar ba, don tsohon ciwon da kike ɗauke da shi ne tun kina kai abinci shago. Ciwon gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma kin haɗa shi da na ƙirji kin ƙulle wuri ɗaya, kin mayar da takardar likita jarrabawar da za ki yi wa mahaifinki, sannan kika ƙi miƙa masa don tsoron kada ya faɗi, jikinki kuma na ɗaukar nauyin jinkirin. Kada ki sake buɗe mata. Tsuntsun da ya saba da keji ba ya kai labari a waje, da kin ɗauki alhakin da zai daɗe yana damunki.

Shi kuma Baba, ba zan wanke shi tas ba. Dariyar tarin nan ba ta yi kyau ba, wuce hannunki yana jini ma haka. Amma ki dube shi ta wani gefen. Mutum ne da ya yi shekara arba'in yana kare ƙananan abubuwa masu rauni daga iska da ruwa, iyakar hanyar da ya sani ta nuna kulawa ke nan. Bai rufe taga don ya cuce ki ba, bai san abin da busasshiyar shara ke yi ba, ke ma ba ki sani ba sai da aka gaya miki. Lallashin aku kuma ba shi da wuya, don aku ba ta san shekarun da ya yi bai ɗago kai ba. Ke kin sani, shi ma ya san kin sani. Na ga dattawa da yawa da suka fi iya ba dabba haƙuri a kan su ba 'ya'yansu, ba don sun fi son dabbar ba, sai don ita ba ta da abin da za ta tuna musu. Ban ce lallai haka zuciyarsa take ba, ban san shi ba. Amma ke ma kin yanke masa hukunci a kan maganar da ba a gaya masa ba tukuna.

Maigidanki za ki fara gaya wa, yau ɗin nan. Ki ba shi haƙurin ƙaryar da kika yi masa, ki roƙe shi kada ya taɓa keji sai an yi magana. Mutumin da ya je ya ɗauko surukinsa bai ɓata fuska ba ya cancanci ya san abin da ke damun matarsa. Sannan ki ɗauki hoton takardar ki tura wa Yayanki. Ba roƙonsa za ki yi ba, sanar da shi za ki yi cewa shekara uku kin ɗauki naki, yanzu tsakar gidan nan tasa ta samu aiki. In matarsa ba ta jure hayaniya, ke ba ki jure rashin numfashi, sai a auna a gani.

Kafin ku zauna da Baba ku nemo inda tsuntsayen za su, kada ku zo masa hannu rabbana. Ƙananan ba su da wuya, masu kiwonsu suna da yawa, kuma in aka bar shi ya zaɓi wanda zai ba da kansa zafin zai ragu. Akun ce mai wuya, don irinta in an raba ta da wanda ta saba da shi takan ƙi ci, har ta riƙa fige gashin jikinta. In akwai wani amintacce kusa da ku da zai karɓe ta, inda Baba zai riƙa takawa ya gan ta, ki tambayi likitarki ko hakan zai yiwu in yana wanka yana canza kaya da zarar ya dawo. Abin da ta ce shi za a bi. Bayan sun tafi falon na buƙatar wanki na gaske, da ruwa, har labule da kujeru da yadukanki. Ba ke za ki yi ba, ranar ma kada ki zauna a gidan.

In kun zauna, maigidanki na gefenki, kada ki ce masa ya zaɓa tsakaninki da aku, domin ba zaɓi a ciki. Ki ce masa ba ki da lafiya, ga abin da likita ta ce, ga ranar da za a kwashe su, kina neman taimakonsa a kan inda za su. In ya ƙi yarda, ku tafi da shi asibiti ya ji daga bakinta. Ki kuma shirya wa maganarsa ta farko, mai yiwuwa ta zo da ɗaci. Mutumin da ya gane dokarsa ce ta ci huhun 'yarsa, ba mamaki kunya ta fito masa a matsayin faɗa. Ki ba shi kwana biyu zuwa uku kafin ki auna shi. In ya ce zai bi tsuntsayensa gidan Yaya, ki haɗa masa kaya da hannunki ki raka shi, kada kuma ki yarda kowa ya kira wannan kora, uba ne ya koma wajen ɗansa.

Ba zan yi miki alkawarin zai dube ki kafin ya dubi keji ba, 'yata. Yana iya yi, yana iya kasawa, kuma in ya kasa zai yi zafi, ki yi kukanki ba laifi. Shekara talatin da takwas kina jiran kalma ɗaya daga bakin mutumin nan, in kin ga dama ki ci gaba da jira, ba zan hana ki ba. Amma ki jira kina numfashi. Ki tashi ki ɗauko takardar.

Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya tausasa zuciyar Baba, ya ba ki ƙarfin halin buɗe baki.

Gwaggonku